Idan Sukarin Kyanwa Ya Ƙi Sauka: Nasiha Ga Matasan Arewa Kan Daidaita Allurar Insulin

Kyanwar da aka sani a Sukukutane da sauran garuruwan Arewa ta ƙasar Nijar, tun daga Matankari har Dogondutsi da Tibiri, ma'aikaciya ce kafin ta zama abar sha'awa, domin ita ke tsare rumbun hatsi daga ɓarnar ɓeraye, kuma abincinta shi ne abin da ta farauto da kanta, wato nama zalla wanda ba ya tara mata kitse. Ba kasafai ciwon sukari yake kama irin wannan kyanwa ba. Wadda ya fi kamawa ita ce ta cikin ɗaki, musamman muzurun da aka dandaƙe, wanda ya manyanta, ya yi ƙiba saboda zama wuri ɗaya da cin ragowar shinkafa da tuwo ko busasshen abincin buhu da ake sayarwa a kantunan birni, kuma irin wannan dabba ana samunta a gidajen Yamai da Doso da Sakkwato, inda ƴaƴan Arewa suke karatu ko aiki ko cin rani. Matashin da aka damƙa wa kula da irin wannan dabba yana buƙatar wannan bayani, haka ma wanda ya ɗauki hanyar karatun likitancin dabbobi, amma wanda ya fi su buƙatarsa wataƙila shi ne yaron da a gidansu akwai kwalbar insulin ta kakarsa ko mahaifinsa, kuma shi aka ɗora wa yin allurar saboda shi ya yi boko.

Ciwon sukari, a jikin mutum ko na dabba, yana nufin sukarin da abinci ya zuba cikin jini ya kasa shiga tsoka da sauran sassan jikin da ke buƙatarsa, sai ya taru har ƙoda ta gaza riƙe shi, ya riƙa fita ta fitsari yana jan ruwa tare da shi, wanda shi ne dalilin yawan fitsari da yawan ƙishirwa da ramewa duk da cin abinci. Abin da ke shigar da sukari cikin tsoka shi ne insulin, wani sinadari da ke fitowa daga gaɓar da likitoci ke kira fankiriyas, wadda ke kwance kusa da tumbi da farkon hanji. Ta hanyar dabba ilimin wannan ciwo ya iso ga ɗan Adam, domin a 1889 ne Minkowski da von Mering suka cire wa kare wannan gaɓa a birnin Strasbourg suka ga ya kamu da ciwon, a 1921 kuma Banting da Best suka tato insulin a Toronto ta ƙasar Kanada suka gwada shi a kan karnuka, kafin a yi wa wani yaro mai suna Leonard Thompson allurarsa a Janairun 1922. Ciwon mafi yawan kyanwoyi ya yi kama da wanda ke kama manyan mutane masu ƙiba, wato gaɓar ba ta mutu gaba ɗaya ba, gajiya ta yi, jikin kuma ya daina jin insulin yadda ya kamata.

Kafin a taɓa sirinji wajibi ne a fahimci lambobin awo, domin a yankin iyaka kamar Arewa ruɗani yana farawa daga nan. Ɗakunan gwajin jini na Nijar, da suka gaji tsarin Faransa, sukan rubuta sukari da giram a kowace lita, alhali na'urar da aka sayo daga Najeriya tana iya nuna miligiram a desilita ko milimol a lita. Giram 1 a lita daidai yake da miligiram 100 a desilita, kuma ya kai kimanin milimol 5.5, saboda haka jinin da wata na'ura ta nuna 14 shi ne wata za ta nuna 250, takardar asibiti kuma ta rubuta 2.5. Sukarin lafiyayyar kyanwa yakan tsaya tsakanin giram 0.7 da 1.5 a lita, ƙodarta kuma ba ta fara zubar da shi cikin fitsari sai ya kai wajen 2.5 zuwa 3. Manufar magani a wurin mafi yawan likitocin dabbobi ita ce sukarin ya shafe mafi yawan yini a ƙasa da wannan iyaka ta ƙoda, kuma idan ya sauka iyakar saukarsa ya tsaya tsakanin 0.8 da 1.5, ba wai a mayar da shi irin na lafiyayyar dabba dare ɗaya ba.

Abin da ke faruwa ga kusan kowane mai jinya shi ne, bayan mako biyu ko uku yana yin allura safe da yamma, ya auna ya ga lamba tana nan a giram 4 a lita ko sama da haka, sai zuciyarsa ta raya masa cewa maganin ne ya yi kaɗan, hannunsa ya tafi ga ƙari. Wannan shi ne kuskuren da ya fi kowane haɗari, kuma dalilinsa a fili yake: sukarin da ya yi sama yana cutarwa a hankali, cikin makonni da watanni, yana barin lokacin bincike da gyara, amma sukarin da ya faɗi ƙasa saboda yawan insulin yana iya kashe dabba cikin ƴan sa'o'i, tun da sukari ne babban abincin ƙwaƙwalwa. Ƙarin insulin shi ne mataki na ƙarshe, wanda ba a kai gare shi sai an kawar da zargi daga kwalba da sirinji da hannun mai allura da abinci da kuma shi kansa awon. Mai ƙari kafin wannan bincike kamar mai ƙara wa tulu ruwa ne bai duba ko gindinsa ya tsage ba.

Kwalba ce farkon abin zargi, kuma a ƙasar da zafin Afrilu da Mayu yake haura digiri 40 ita ce mafi yawan lokuta mai laifin. Insulin ba ƙwaya ba ne da za a jefa a aljihu, sinadari ne mai laushi irin na jikin halitta, wanda zafi mai tsanani da hasken rana kai tsaye suke raunana shi, daskarewa kuma take lalata shi gaba ɗaya. Masu yin sa sun sharɗanta a ajiye kwalbar da ba a buɗe ba tsakanin digiri 2 da 8. Kwalbar da ta taso daga kantin magani a Yamai ko Doso, ta yini a cikin mota a kan babbar hanyar da ta ratsa Dogondutsi, sannan ta hau kabu-kabu da tsakar rana zuwa ƙauye, tana iya isowa da kamanninta daidai amma ƙarfinta ya ragu, ido kuma ba ya ganin wannan ragi. Haka nan wanda ya sa ta cikin kula ya ɗora ta kai tsaye a kan ƙanƙara ya guje wa wata ɓarna ya faɗa wata, domin abin da ya dace shi ne a naɗe ta da ƙyalle ta yadda za ta sami sanyi ba tare da ta taɓa ƙanƙarar ba. Babban haɗarin kwalba mai rauni bai tsaya ga rashin aikinta ba. Mai jinya yakan yi ta ƙara adadi yana ganin ba canji, daga yunit biyu zuwa uku zuwa biyar (yunit shi ne ma'aunin da ake ƙirga ƙarfin insulin da shi), har ranar da tsohuwar kwalba ta ƙare ya buɗe sabuwa mai cikakken ƙarfi, ya zuƙi biyar ɗin nan da ya saba, a wannan rana kuma dabbar take faɗuwa. Shi ya sa ƙwararru suke cewa idan sukari ya ƙi sauka ba tare da dalili bayyananne ba, a fara gwada sabuwar kwalba, kuma idan an riga an yi ƙari mai yawa a koma ƙaramin adadi ranar da aka buɗe ta.

Rashin firiji ba ya nufin babu dabara. Sanyin randa abu ne da kowane gida a Arewa ya sani, kuma wani malami a Jigawa, Mohammed Bah Abba, ya yaɗa hanyar sa ƙaramar tukunya cikin babba a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, aikin da ya sa aka ba shi kyautar Rolex a shekarar 2000. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikin yumɓu yana bushewa yana tafiya da zafi, don haka dabarar ta fi ƙarfi a rani da bazara, lokacin da iska take bushe, tana kuma raguwa da damina. Ana sa kwalbar cikin wani ɗan gwangwani mai murfi don kada takardar jikinta ta jiƙe, a ajiye tukunyar a inuwa inda iska ke ratsawa. Binciken da ƙungiyar likitoci ta MSF da Jami'ar Janeba suka wallafa a 2021, bisa yanayin sansanin gudun hijira na Dagahaley a Kenya, ya nuna cewa insulin na mutane da aka ajiye a zafi mai hawa da sauka tsakanin digiri 25 da 37 bai rasa ƙarfinsa ba cikin mako huɗu. Wannan labari ne mai kwantar da hankali, amma yana da iyaka, domin ɗakin kwano a Sukukutane da azahar ta watan Mayu yana wuce 37, kuma binciken ya shafi kwalbar da ake amfani da ita ne na wata guda, ba ajiyar watanni ba.

Abu na biyu shi ne sirinji, wanda a nan ne lissafi kaɗan yake raba rai da mutuwa. Insulin galibi yana zuwa da kauri iri biyu: na mutane, irin su Lantus da Insulatard da Mixtard, yawanci yana ɗauke da yunit 100 a kowace mililita, na dabbobi kuma, irin su Caninsulin da ProZinc, yana ɗauke da yunit 40. Kowane kauri da sirinjinsa, kuma a bisa al'ada mai murfi ja na 40 ne, mai murfi ruwan lemo na 100, ko da yake rubutun da ke jikin sirinjin shi ne abin dogaro. Wanda ya zuƙi insulin mai 40 da sirinjin 100 yana ba dabbarsa kashi biyu cikin biyar kawai na abin da likita ya rubuta, kuma sukari ba zai sauka yadda ake so ba. Wanda ya yi akasin haka, ya zuƙi mai 100 da sirinjin 40, ya ninka adadin sau biyu da rabi. Sirinjin allurar zazzaɓi na yau da kullum, mai layukan mililita, bai dace da wannan aiki ba ko kaɗan, domin yunit ɗaya na insulin mai 100 kashi ɗaya ne cikin ɗari na mililita, ɗigon da ido da ƙyar yake gani, wanda ƙaramin kumfan iska a cikin sirinji yake iya cinye rabinsa.

Daga nan sai hannun mai allura. Insulin mai fari-fari kamar madara yana kwantawa a gindin kwalba, sai an gauraya shi kafin a zuƙa, kuma kowane iri da yadda masu yin sa suka ce a gauraya: Caninsulin ana girgiza shi har ya zama bai ɗaya, ProZinc ana mirgina shi a hankali tsakanin tafuka, Lantus kuwa garau yake kamar ruwa, ba ya buƙatar gaurayawa, idan ma ya yi gurɓi sai a jefar. Ana ɗaga fatar gefen ƙirji ko ta kwiɓi a tsira allura ƙarƙashinta, ana sauya wuri kullum don kada fatar ta yi kanta ta daina tsotsar magani. Fatar kyanwa siririya ce, allura takan shiga ta wannan gefe ta fita ta wancan, sai maganin ya zube cikin gashi. Wanda ya shafa ya ji danshi kada ya sake yin wata, domin bai san nawa ya shiga ba, ya jira lokaci na gaba. Tazarar sa'a 12 tsakanin allura biyu ita ma sharaɗi ce, kuma gidan da mutum biyu suke karɓa-karɓa wajen yin allurar yana buƙatar a rubuta kowace allura da zarar an yi ta, don kada a tsallake ko a maimaita.

Wani lokaci ba adadin ne matsala ba, irin insulin ɗin ne bai dace ba. Jikin kyanwa yana cinye insulin da sauri fiye da na mutum, har irin da ake kira NPH, wanda Insulatard yake cikinsa kuma ya fi sauƙin samu a kantunan magani na wannan yanki, yakan ƙare aikinsa a jikinta tun kafin sa'a takwas, ya bar sauran yinin sukari yana sama. Ƙara adadinsa ba ya tsawaita aikinsa yadda ake so, sai dai ya zurfafa faɗuwar sukari a tsakiyar yini. Shi ya sa likitocin dabbobi suka fi son masu dogon aiki, wato gilajin, wanda shi ne sinadarin Lantus, da kuma ProZinc. Mutanen Arewa sun ga yadda hanyar magani take yankewa lokacin da aka rufe iyakar Nijar da Najeriya daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kuma a irin wannan hali ana tilasta wa mai jinya karɓar duk irin da ya samu. Abin da ya kamata ya sani shi ne, sauya iri daidai yake da fara magani daga farko, ba a ɗauko tsohon adadi a ɗora wa sabon iri.

Shi kansa awon yana iya yin ƙarya, kuma kyanwa ta yi fice a wannan. Idan ta tsorata, aka sa ta cikin kwali ko buhu, aka yi tafiya da ita, baƙo ya danne ta, sukarin jininta yana tashi cikin mintoci ko da lafiyarta ƙalau, har ya kai lambar da za a ɗauka ciwo ne. Saboda haka awon da aka yi a gida, daga ɗigon jinin gefen kunne, dabbar tana kwance a inda ta saba, ya fi na asibiti gaskiya. Na'urar awo ta mutane tana aiki, sai dai takan nuna lambar da ta ɗan gaza ta gaskiya idan jinin kyanwa ne, ƴan tsinkayen gwajin kuma zafi da danshi suna lalata su kamar yadda suke lalata insulin. Mafi muhimmanci shi ne awo ɗaya tak ba ya gina hukunci, musamman na safe kafin allura, wanda shi ne lokacin da sukari ya fi kowane lokaci tsawo. Abin da likita yake buƙata shi ne jerin awo na yini guda, wato a auna kafin allurar safe, a ci gaba kowace sa'a biyu zuwa uku har allurar yamma, domin a ga abu biyu: iyakar inda sukarin ya sauka, da tsawon lokacin da maganin ya yi yana aiki. A kan wannan mafi ƙanƙantar lamba ake yanke shawarar ƙari ko ragi, ba a kan mafi girma ba. Kyanwar da sukarinta yake giram 4 da safe, ta sauka 0.8 da rana, ta koma 4 da yamma, ba ta buƙatar ƙari ko kaɗan, alhali mai awon safe kaɗai zai rantse maganin ba ya aiki.

Akwai ma halin da yawan insulin ne yake jawo hawan sukari. Idan sukari ya faɗi ƙasa ƙwarai, jiki yana kare kansa ta hanyar sakin sinadaran da ke sa hanta ta zubo ajiyarta, sai lamba ta yi sama ta daɗe a can. Ana danganta bayanin wannan ga Michael Somogyi, masanin sinadarai ɗan asalin Hangari da ya yi aiki a St. Louis ta Amurka, wanda ya ja hankali gare shi a shekarun 1930. Binciken baya-bayan nan ya nuna cewa bai yawaita a kyanwoyin da ke kan gilajin ba kamar yadda aka zata a da, amma yiwuwarsa kaɗai ta isa ta hana mai hankali yin ƙari a makance. Inda ɗakin gwaji yake da hali, akwai awon jini mai suna furuktosamin, wanda ke nuna matsakaicin sukari na mako ɗaya zuwa biyu da suka wuce, kuma tsoron ɗan lokaci ba ya taɓa shi.

Inda kayan awo suka yi ƙaranci, kamar yadda yake a mafi yawan ƙauyuka, littafin rubutu na ɗan makaranta yana ɗaukar rabin aikin. Ana rubuta sa'ar kowace allura da adadinta, da abin da dabbar ta ci, da yawan ruwan da ta sha cikin yini da dare (ana auna abin da aka zuba da abin da ya rage), da nauyinta sau ɗaya a mako, wanda ake samu idan mutum ya hau sikeli da ita a hannu sannan ya hau shi kaɗai. Kyanwar da shan ruwanta ya ragu, nauyinta ya tsaya, gashinta ya kwanta, tana tsalle kamar da, tana samun sauƙi ko da wata lamba ta ba da tsoro. Wadda ta fara tafiya a kan dugadugan ƙafafunta na baya, maimakon a kan yatsu, tana nuna cewa sukari ya daɗe a sama har ya taɓa jijiyoyi.

Idan duk waɗannan sun tabbata daidai, sannan ne ake maganar ƙari, kuma likita ne yake yanke shi. Ƙa'idar da ƙungiyoyin likitocin kyanwa suka yi ittifaƙi a kai ita ce a fara da rubu'in yunit zuwa rabin yunit ga kowane kilo na nauyin dabba, wanda ga mafi yawansu yake kamawa yunit ɗaya ko biyu sau biyu a yini, a bar jiki ya saba da kowane adadi na kwana biyar zuwa bakwai, sannan a ƙara rabin yunit ko ɗaya idan jerin awo ya nuna akwai wuri. Ragi kuwa ba ya jira: duk ranar da aka ga sukari ya sauka ƙasa da abin da aka tsara, a ranar ake ragewa. Abinci yana tafiya tare da wannan lissafi, domin kyanwa maciyiyar nama ce, kuma tuwo da fura da shinkafa da burodi suna yi mata abin da insulin yake ƙoƙarin warwarewa. Mayar da ita kan nama da kifi, ko abincin gwangwani mai ƙarancin sitaci, yana iya rage buƙatarta ta insulin cikin ƴan kwanaki, saboda haka ba a haɗa sauya abinci da ƙarin adadi a mako ɗaya. Rage ƙiba ma a hankali ake yin sa, domin kyanwa mai ƙiba da aka bari da yunwa hantarta takan cika da kitse, ciwon da shi ma yana kisa.

Dabbar da adadinta ya kai wajen yunit ɗaya da rabi ga kowane kilo a allura guda, sukari kuma bai motsa ba, akwai wani abu a jikinta da ke yaƙar maganin, kuma nemo shi ya fi ci gaba da ƙari. Mafi kusa su ne ruɓaɓɓen haƙori da kumburin dasashi, da ciwon mafitsara (fitsari mai sukari wurin haihuwar ƙwayoyin cuta ne), da kumburin ita fankiriyas ɗin, da ƙurji ko rauni daga faɗan muzurai. Sai kuma magungunan kotizon irin su dezametazon, waɗanda ake samu cikin sauƙi a tebur da kasuwa ana ba mutum da dabba don ƙaiƙayi ko kumburi, kuma suna daga cikin manyan masu tayar da sukari. Wajibi ne a gaya wa likita duk abin da aka taɓa ba dabbar, har man shafawa. Akwai kuma wani ciwo da aka daɗe ana ɗauka ba kasafai yake faruwa ba, wato tsiro a wata ƙaramar gaɓa da ke gindin ƙwaƙwalwa, wanda ke sa jiki ya fitar da sinadarin girma fiye da kima, sai fuska ta faɗaɗa, haɓa ta turo, tafin ƙafa ya yi girma, dabbar tana ƙiba duk da sukarinta yana sama. Binciken da Kwalejin Likitancin Dabbobi ta Sarauta da ke Landan ta wallafa a 2015, a kan kyanwoyi masu ciwon sukari sama da 1,200, ya ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin huɗu na ɗauke da shi.

Alamomin gaggawa iri biyu ne, kuma ya kamata kowa a gidan ya san su, ba mai allura kaɗai ba. Sukarin da ya faɗi yana zuwa da kasala da tangaɗi da rawar jiki da kallon da ba ya gane komai, daga nan sai farfaɗiya. Maganinsa na farko zuma ce ko ruwan sukari mai kauri a shafa a dasashi, ba a ɗura ruwa a bakin dabbar da ta suma, idan ta farfaɗo a ba ta abinci, kuma kada a yi allura ta gaba sai an ji daga likita. Ɗaya alamar ita ce dabba ta ƙi abinci, ta riƙa amai, ta kwanta jiki ya bushe, wanda ke iya nufin jiki ya koma ƙona kitse har guba mai tsami ta taru a jini, halin da ba a maganinsa a gida sai da ƙarin ruwa a asibiti. A kowane hali kada a ba kyanwa farasitamol, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kuma ƙwaya ɗaya tana iya kashe ta.

Likitocin dabbobi da mataimakan kiwo na yankin Doso, na gwamnati da masu zaman kansu, aikinsu na yau da kullum shanu ne da tumaki da awaki da raƙuma, kuma haka ya dace da ƙasar da arzikinta yake a garke. Amma wanda ya fito daga makarantar likitancin dabbobi ta ƙasashen Afirka da ke Dakar, ko daga Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato ko ta Ahmadu Bello a Zariya, ya karanci wannan ciwo, kuma littafin da aka cika da kyau yana ba shi damar ba da shawara ko ta waya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito game da matar da aka azabtar saboda ta tsare kyanwa har yunwa ta kashe ta ya isa hujja cewa wanda ya killace dabba ya ɗauki haƙƙinta. Duk da haka jinyar nan tana cin kuɗi da lokaci, watanni ko shekaru, kuma bai halatta ga hankali ba a ɗebi insulin ɗin dattijon gida a ba kyanwa, ko a saya mata alhali shi yana tsallake allura saboda rashi. Ga matashin da majinyacinsa mutum ne, babu ɗaya daga cikin adadin da aka ambata a nan da ya shafe shi, domin na mutum likitan asibitin Dogondutsi ko na Doso ne yake tsara shi; abin da ya shafe shi shi ne tsarin binciken, wato kwalba da sirinji da wurin allura da abinci da ciwon ɓoye, kafin a ce magani ya yi kaɗan, da kuma neman shawara tun kafin azumi ya kama.

Kyanwa tana da wata baiwa da ta sa kulawar ba ta ƙarewa ranar da sukari ya sauka. Yawan sukari a jini shi kansa yana danne gaɓar da ke yin insulin, kuma idan aka sauke shi da wuri, aka gyara abinci, aka cire ruɓaɓɓen haƙori ko aka daina kotizon, gaɓar takan farfaɗo ta ci gaba da aikinta, har wasu kyanwoyin su daina buƙatar allura na watanni ko shekaru. Wannan farfaɗowa ba ta sanarwa, kuma adadin da ya dace a makon jiya yana iya zama guba a wannan mako. Don haka makonnin da suka biyo bayan samun sauƙi su ne suka fi buƙatar awo kafin kowace allura, kuma idan aka ga sukari yana cikin iyakar lafiya tun ba a yi allurar ba, sai a dakata a sake aunawa bayan ta ci abinci, a sanar da likita, a riƙa ragewa da rabin yunit kamar yadda aka riƙa ƙarawa. Wadda aka yaye daga allura tana ci gaba da abincinta na nama, ana duba nauyinta da shan ruwanta, domin ciwon yana iya dawowa idan ƙiba ta dawo ko aka sake ba ta kotizon.